A Gyara Ma'aunin da Ke Hana Ƙananan Ƙasashen Tsibirai Tallafi

A daren 18 ga watan Satumba na shekarar 2017, mahaukaciyar guguwar da aka laƙaba wa suna Maria ta sauka a kan Dominika, wani ƙaramin tsibiri a yankin Karebiyan mai mutane kimanin dubu 70. Kafin gari ya waye ta yaye rufin mafi yawan gidajen ƙasar, har da na Firayim Minista Roosevelt Skerrit, ta kwashe gadoji, ta kwantar da gonaki, ta katse wutar lantarki da ruwan famfo da hanyoyin sadarwa. Da aka zauna aka yi lissafi, ɓarna da asarar sun kai kusan dala biliyan 1.3, wato kashi 226 cikin ɗari na dukan arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara. Guminsu na fiye da shekara biyu ya salwanta cikin 'yan sa'o'i. Kuma abin ya zo ne shekara biyu kacal bayan guguwar Erika ta 2015, wadda ita ma ta lashe kusan kashi 90 cikin ɗari na arzikin ƙasar na shekara, ana tsakiyar gyaran ɓarnarta wannan ta zo ta rushe abin da aka fara.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, duniya takan nuna tausayi, jiragen agaji su kai tantuna da ruwan sha, shugabanni su aika da saƙon jaje. Bayan makonni kaɗan hankula su koma wani wuri, a bar ministan kuɗi na ƙasar da tambayar da ta fi kowace nauyi: da wane kuɗi za a sake gina asibiti da tashar jiragen ruwa da makarantu, wa zai bayar, kuma a kan wane kuɗin ruwa? Ra'ayina shi ne, amsar da tsarin duniya na yanzu ke bai wa wannan tambaya zalunci ne, kuma tushen zaluncin yana cikin ƙa'idojin da aka rubuta na tantance wanda ya cancanci taimako. Duk wanda ke maganar yi wa hukumomin duniya garambawul da gaske, daga nan ya kamata ya fara.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ƙasashe 39 a matsayin ƙananan ƙasashen tsibirai masu tasowa, a tekun Fasifik da yankin Karebiyan da tekun Indiya da na Atlantika. Shida daga cikinsu na Afirka ne: Kef Bade, Komoros, Gini Bisau, Moris, Sawo Tome da Firinsife, da kuma Seshels. Wasu kaɗan, irin su Beliz da Guyana da Suriname, ba tsibirai ba ne, amma an sa su cikin jerin domin yawancin mutanensu a gaɓar teku mai kwari suke zaune, matsalarsu iri ɗaya ce. Jimillar mutanen wannan rukuni kimanin miliyan 65 ne, kuma hayaƙin da suke fitarwa mai ɗumama duniya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da duniya ke fitarwa ba. Tun a taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Rio a 1992 aka amince cewa halin da suke ciki na daban ne. Daga nan aka yi musu babban taro a Barbados a 1994, aka sake a Moris a 2005, aka yi a Samowa a 2014, sannan a Antigua da Barbuda a watan Mayun 2024, kowane taro ya fito da kundin alkawura. Fiye da shekara talatin ke nan ana tabbatar musu a takarda cewa an fahimci rauninsu, amma ƙa'idar da ke buɗe ko rufe ƙofar kuɗi ba ta canza ba.

Ƙa'idar kuwa mai sauƙin faɗa ce. Ana ɗaukar kuɗin shigar ƙasa na shekara a raba da yawan mutanenta, abin da ya fito shi ne ma'aunin talaucinta ko wadatarta. Da wannan lissafi Bankin Duniya ke kasa ƙasashe gida-gida, da shi kuma kwamitin ƙasashe masu ba da agaji na OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashen da galibinsu masu arziki ne, ke tsara jerin waɗanda suka cancanci tallafin raya ƙasa. Ƙasar da ta shekara uku a jere tana cikin sahun masu babban kuɗin shiga, sai a cire ta daga jerin. Haka aka cire Barbados a 2011, aka cire Seshels a 2018, aka cire Antigua da Barbuda a farkon 2022. Wannan ƙasa ta ƙarshe ita ce wadda guguwar Irma ta daidaita tsibirinta na Barbuda a watan Satumban 2017, ta lalata kusan duk gine-ginen da ke kansa, har gwamnati ta kwashe mazaunansa baki ɗaya zuwa Antigua, tsibirin ya kwana babu kowa a kansa. Shekara huɗu da 'yan watanni bayan haka aka sanar da ita cewa ta yi arzikin da ba ta buƙatar agaji.

Ma'aunin ba ƙarya yake yi ba, abin da yake aunawa ne bai isa ba. Yana nuna abin da ke shigowa a shekarar da komai ya tafi daidai, amma ba ya nuna saurin da komai ke iya rushewa. Babbar ƙasa idan ambaliya ta cinye wani yanki nata, sauran yankuna na nan suna noma, suna biyan haraji, suna karɓar waɗanda suka rasa muhalli. Ƙaramin tsibiri kuwa guguwa ɗaya tana rufe shi daga wannan gaɓa zuwa waccan, ta bugi gwamnati da manomi da mai otal da banki a dare guda, ba wanda ya rage da zai tallafi wani. Ban da haka, ƙasa mai mutane dubu ɗari dole ta mallaki filin jirgin sama da tashar jiragen ruwa da babban asibiti da kotuna da hukumar kwastan, kuma kuɗin gina su ba ya raguwa don mutanen da za su biya ba su da yawa. Kiribati tana da faɗin ƙasa kimanin murabba'in kilomita 811 kacal, amma tsibiranta sun warwatsu a cikin teku ta yadda tsakanin babban birninta Tarawa da tsibirin Kiritimati akwai tazarar fiye da kilomita dubu 3. Kai magani ko malamin makaranta ko man janareta zuwa irin wannan wuri yana cin kuɗin da lissafin kuɗin shiga ba ya gani. Yawancin waɗannan ƙasashe kuma kan sana'a ɗaya ko biyu suka dogara, yawon buɗe ido ko kamun kifi ko kuɗin da 'ya'yansu ke aikowa daga waje. Da annobar korona ta tsayar da jiragen sama a 2020, tattalin arzikin Maldibs ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a shekara guda.

Ƙasar da aka rufe wa ƙofar tallafi da rance mai rangwame ba ta da mafita sai kasuwa, inda masu ba da bashi ke duba haɗarin guguwa su ƙara kuɗin ruwa saboda shi. A nan ne abin ya fi ba ni takaici. Raunin da ya kamata ya sa a sassauta mata, shi ne ake amfani da shi a tsawwala mata. Ta ci bashi ta gina hanya, guguwa ta kwashe hanyar kafin a gama biya, ta sake cin wani bashin don gina hanyar nan dai, ta wayi gari tana biyan bashi biyu a kan hanya ɗaya. Girenada ta ɗanɗana wannan: guguwar Ivan ta 2004 ta yi mata ɓarnar da ta kai ninki biyu na arzikinta na shekara, a 2005 ta nemi a sake tsara mata bashi, a 2013 ta sake kasa biya, sai a 2015 aka kammala wani sabon sulhu da masu binta. Barbados ma a 2018 bashin da ke kanta ya haura kashi 150 cikin ɗari na arzikinta na shekara, dole ta zauna da masu binta. Kuɗin da ke tafiya wajen biyan ruwan bashi shi ne wanda da an kashe shi a kan shingen teku da ingantaccen rufi da magudanun ruwa, da ɓarnar guguwa ta gaba ta ragu. Kuma hayaƙin da ke ƙara wa teku zafi, ya ƙara wa guguwa ƙarfi, daga masana'antu da motocin wasu ƙasashe ya fito, sau da yawa ma ƙasashen da masu ba da bashin suke. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga cikin wannan wahala ne wata dabara mai amfani ta fito. A sulhun 2015, Girenada ta sa aka rubuta wani sharaɗi cikin takardun bashinta cewa idan babbar guguwa ta auku za ta iya dakatar da biya na wani lokaci. Barbados ta bi sahu a nata sulhun. A watan Yulin 2024 guguwar Beryl ta ragargaza tsibiran Carriacou da Petite Martinique na Girenada, gwamnati ta yi amfani da sharaɗin, kuɗin da za a tura wa masu bin bashi ya tsaya a gida a lokacin da ake tsananin buƙatarsa. Bankin Duniya ma ya sanar a 2023 cewa zai fara sa irin wannan sharaɗi cikin rancen da yake bai wa ƙananan ƙasashe. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ya kamata ya zama al'ada a kowane rance, na gwamnatoci da na bankuna da na 'yan kasuwa. Sai dai jinkiri ne kawai, bashin na nan yana jiran a biya shi.

Gyaran da ya fi zurfi shi ne a canza ma'aunin kansa. Shekaru da dama ƙasashen tsibirai suna neman a samar da ma'aunin rauni mai fuskoki da yawa, wanda zai duba yadda ƙasa take a buɗe ga bala'in yanayi, da nisanta daga kasuwanni, da dogaronta kan kayan waje, da kuma ƙarfin da take da shi na farfaɗowa bayan ta sha bugu. An kafa kwamitin ƙwararru ƙarƙashin jagorancin Firayim Ministan Antigua da Barbuda Gaston Browne da tsohuwar Firayim Ministar Norwe Erna Solberg, kuma a watan Agustan 2024 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ma'aunin. Amma ƙudurin ya bar amfani da shi a matsayin ganin dama. Majalisar da ta amince da shi ba ita ke riƙe da lalitar ba, masu riƙe da lalitar kuma ba wanda ya tilasta musu. An yi ba a yi ba ke nan. Ba kuma za a ce hukumomin kuɗi ba su san matsalar ba, domin tun 1985 Bankin Duniya ya yi wa wasu ƙananan tsibirai togaciya ta musamman, yana ba su rance mai rangwame ko da kuɗin shigarsu ya wuce iyakar da aka gindaya. Wanda ya yi togaciya ya riga ya amsa cewa ƙa'idarsa tana da giɓi. Abin da ya rage shi ne a daina rabon alfarma ga wasu a hana wasu, a mayar da rauni ya zama wani ɓangare na ƙa'idar da kowace ƙasa za ta iya dogara da ita.

Dalilin da ya sa hakan ke jan ƙafa yana komawa ga waɗanda ke yanke hukunci. An kafa Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya a taron Bretton Woods na 1944, lokacin da kusan duk waɗannan tsibirai ke ƙarƙashin mulkin mallaka. Barbados ta sami 'yanci a 1966, Fiji a 1970, Tuvalu a 1978, Vanuatu a 1980. Sun shigo sun tarar an gama raba kujeru. A Asusun Lamuni nauyin ƙuri'a yana bin girman hannun jari, Amurka ita kaɗai tana da fiye da kashi 16 cikin ɗari, manyan shawarwari kuma sai da amincewar kashi 85, saboda haka ba wata babbar shawara da ke wucewa idan ba ta so. A majalisar daraktocin asusun, yawancin ƙasashen Karebiyan masu magana da Ingilishi suna cikin rukunin da Kanada ke jagoranta. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa, amma haka ake yi wa waɗannan ƙasashe. An ga sakamakon wannan tsari ƙarara a watan Agustan 2021, lokacin da asusun ya raba kuɗin ajiya na musamman da ya kai dala biliyan 650 domin rage raɗaɗin korona. Da yake rabon ya bi girman hannun jari, kaso mafi tsoka ya tafi ga ƙasashe masu arziki waɗanda ba su da buƙatarsa, nahiyar Afirka baki ɗaya ta sami kimanin dala biliyan 33, ƙananan tsibiran da tattalin arzikinsu ya fi na kowa durƙushewa kuma suka tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Wannan ne ya sa nake ganin shirin Bridgetown, wanda Firayim Ministar Barbados Mia Mottley ta gabatar a 2022, ya fi yawancin kundayen da manyan taruka ke fitarwa amfani. Bai tsaya roƙon a ƙara sadaka ba. Ya nemi a karkatar da kuɗin ajiyar da masu arziki ba sa amfani da shi zuwa ga mabuƙata, a faɗaɗa rancen bankunan raya ƙasa mai dogon zango da ƙaramin ruwa, a kuma sa sharaɗin dakatar da biya cikin kowane bashi. An ɗan motsa. Asusun Lamuni ya buɗe wata sabuwar taga ta rance mai dogon zango a 2022, Barbados na cikin waɗanda suka fara amfana, kuma a 2024 an ƙara kujera ta 25 a majalisar daraktoci domin ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara. Waɗannan sun nuna cewa ƙa'idojin ba wahayi ba ne, mutane ne suka rubuta su, kuma suna iya sake rubutawa duk ranar da suka ga dama.

Tarihin kuɗin tunkarar sauyin yanayi ya fi wannan ɗaci. Tun a 1991 Vanuatu, da yawun ƙawancen ƙananan tsibirai, ta gabatar da shawarar a kafa asusun da zai biya ƙasashen da tumbatsar teku za ta cutar. Sai a taron Sharm el-Sheikh na Masar a 2022 aka amince da asusun asara da ɓarna, shekara 31 bayan haka. Da aka ƙaddamar da shi a Dubai a 2023, alkawuran farko sun tsaya a wajen dala miliyan 700. A ajiye wannan adadi kusa da dala biliyan 1.3 da Dominika ta yi asara a dare ɗaya, za a ga cewa asusun da aka ce na dukan ƙasashe masu tasowa ne bai wuce rabin ɓarnar guguwa ɗaya a tsibiri ɗaya da kaɗan ba. Alkawarin dala biliyan 100 a shekara da ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa a Kopenhagen a 2009, wanda ya kamata ya cika a 2020, sai a 2022 aka ce ya cika, kuma yawancinsa rance ne da za a biya. A Baku a 2024 wakilan tsibirai sun fice daga ɗakin tattaunawa na ɗan lokaci domin nuna ɓacin ransu, kafin a tashi da alkawarin dala biliyan 300 a shekara nan da 2035.

Kuɗin da ke akwai ma isa gare shi aiki ne ja. Asusun yanayi na duniya yana buƙatar hukumar ƙasa ta sami takardar amincewa kafin ta karɓi kuɗi kai tsaye, sannan kowane shiri ya zo da bincike da alƙaluma da rahotanni masu yawa, abin da kan ɗauki shekaru. An tsara waɗannan matakai ne da tunanin ma'aikatu masu ɗaruruwan ƙwararru. A ƙasa mai mutane dubu 11, jami'an da za su cike takardun su ne dai waɗanda za su halarci tarukan ƙasa da ƙasa, su shirya kasafin kuɗi, su kuma fita aikin ceto idan ruwa ya shigo gari. Sau da yawa dole a ɗauko masu ba da shawara daga waje a biya su da tsada, wani ɓangare na kuɗin ya koma inda ya fito.

Akwai masu cewa lalitar agaji ɗaya ce, duk abin da aka ba Barbados ko Seshels an rage shi ne daga rabon ƙasashen da miliyoyin mutanensu ke kwana da yunwa. Wannan magana tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Amma ma'aunin raunin da aka amince da shi ba na tsibirai kaɗai ba ne, an tsara shi ne domin dukan ƙasashe masu tasowa, kuma ƙasar da fari ko rashin mashigar teku ya raunana ita ma zai fito da halin da take ciki. Ba kuma ana neman a jefar da lissafin kuɗin shiga ba ne, ana neman a haɗa shi da wani ne. Sannan abin da tsibirai masu matsakaicin hali suka fi nema shi ne rance mai sauƙin ruwa da dogon lokaci, wanda za su biya, domin su yi rigakafi kafin bala'i. Abin da zai cutar da matalauta na ko'ina shi ne a bar su suna kokawa da juna a kan ɗan abin da aka jefo, maimakon su haɗa baki su tambayi dalilin ƙanƙantarsa. Tun 1970 ƙasashe masu arziki suka ɗauki alkawarin ba da kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigarsu, kuma 'yan ƙalilan ne, irin su Norwe da Luksambog da Suwidin da Denmak, suka saba cikawa.

Wasu kuma suna nuna yatsa ga gwamnatocin tsibiran kansu, su ce akwai masu sayar da fasfo ga attajirai, akwai masu ɓoye wa baƙi dukiya daga haraji, akwai masu almubazzaranci. Gaskiya ne akwai, kuma ban ga dalilin kare shi ba. Duk kuɗin da aka bayar dole a bi diddiginsa, 'yan ƙasa su san inda ya shiga. Sai dai a tuna cewa da kuɗin shirin sayar da takardar zama ɗan ƙasa ne Dominika ta gina gidaje masu yawa bayan Maria. Ƙasar da aka toshe wa hanyoyin samun kuɗi masu sauƙi za ta nemi wata hanya, ko da ba mai kyau ba ce, kuma waɗanda suka toshe hanyar suna da nasu kason na laifin.

Yanzu ma lalitar ƙara tsukewa take yi. Birtaniya ta rage agajinta daga kashi 0.7 zuwa 0.5 a 2021, kuma a watan Fabrairun 2025 ta sanar da cewa za ta sake rage shi zuwa 0.3 nan da 2027. A 2025 ɗin dai Amurka ta rushe hukumarta ta raya ƙasashe, ta sake ba da sanarwar ficewa daga yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi, ta kuma janye daga majalisar gudanarwar asusun asara da ɓarna. Darasin da na ɗauka daga wannan shi ne, duk tallafin da ya rataya a kan sakamakon zaɓen wata ƙasa ba abin dogaro ba ne. Ana buƙatar kuɗin da ke shigowa bisa doka. Tsibiran Marshal da na Solomon sun gane haka tun 2021, lokacin da suka ba da shawarar a sa harajin dala 100 a kan kowane tan na hayaƙin da manyan jiragen ruwa ke fitarwa. Hukumar sufurin teku ta duniya ta cimma wani tsari mai rauni fiye da wannan a watan Afrilun 2025, amma a watan Oktoba aka ɗage amincewa da shi da shekara guda saboda matsin lambar Amurka da wasu ƙasashe masu arzikin mai.

Idan hanyar haɗin gwiwar ƙasashe ta toshe, abin da ke saura shi ne ciniki tsakanin babba da ƙarami, wanda kowa ya san wa zai fi cin riba. A tekun Fasifik, Sin da Amurka da Ostiraliya suna gasar neman gindin zama, agaji ya zama kayan zawarci. Kiribati da Tsibiran Solomon sun yanke hulɗa da Taiwan sun koma Sin a 2019, Nauru ta bi su a 2024. A Tuvalu, inda wuri mafi tudu bai kai mita biyar a saman teku ba, lokacin babbar tumbatsa ruwan gishiri ba daga gaɓa kaɗai yake zuwa ba, yana ɓuɓɓugowa ne ta cikin ƙasa, domin tsibirin a kan murjani mai ramuka yake zaune. Yana shiga ramukan da mutane suka gada suna shuka wani nau'in gwaza da suke kira pulaka, ya ƙone saiwar, ya gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa, iyali su koma dogaro da ruwan sama da abincin gwangwani da jirgi ke kawowa. A wannan hali ne Tuvalu ta sa hannu kan yarjejeniya da Ostiraliya a watan Nuwamban 2023, wadda ta buɗe wa mutum 280 ƙofar ƙaura kowace shekara, amma ta ƙunshi sharaɗin cewa sai da fahimtar juna da Ostiraliya Tuvalu za ta ƙulla wata hulɗar tsaro da kowace ƙasa. Ba na zargin shugabannin Tuvalu, domin nema wa jama'arsu mafaka wajibi ne a kansu. Ina zargin tsarin da ya bar ƙasa mai cikakken 'yanci ba ta da abin da za ta miƙa a musayar tsira sai wani yanki na 'yancin nata.

Duk da haka kuskure ne a ɗauki waɗannan ƙasashe a matsayin masu jiran a ba su. Su ne suka nace har aka rubuta iyakar ɗumamar duniya ta digiri 1.5 cikin yarjejeniyar Paris ta 2015, inda ministan harkokin wajen Tsibiran Marshal, marigayi Tony de Brum, ya haɗa kan ƙasashe manya da ƙanana a kan haka. Ƙasashe takwas na Fasifik da ke cikin yarjejeniyar Nauru sun haɗa kai suna sayar wa jiragen kamun kifin tuna izini bisa adadin kwanaki, kuɗin da suke samu ya ninka sau da yawa. Ƙasashen Karebiyan sun kafa asusun inshora na haɗin gwiwa a 2007 wanda ke biya cikin mako biyu bayan bala'i. Ɗaliban shari'a na Jami'ar Kudancin Fasifik ne suka fara yunƙurin da Vanuatu ta ɗauka ta kai Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Maris na 2023, har Kotun Duniya da ke birnin Hague ta ba da fatawarta a ranar 23 ga Yulin 2025, inda ta ce kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe bisa dokar ƙasa da ƙasa, kuma wadda ta saɓa za a iya neman diyya a wurinta. Fatawar ba ta tilasta wa kowa biya, amma ta fitar da maganar daga babin kyauta ta kai ta babin haƙƙi.

Ana yawan haɗa batun garambawul da faɗaɗa Kwamitin Sulhu, kuma ba shakka yana buƙatar gyara. A watan Disamban 2021 Rasha ta hau kujerar naƙi kan ƙudurin da Nijar da Ireland suka gabatar na ɗaukar sauyin yanayi a matsayin barazana ga tsaron duniya. Amma gyaran kwamitin yana buƙatar sauya kundin Majalisar, da amincewar masu kujerun dindindin biyar ɗin da za a rage wa iko, kuma an shafe shekaru ana wannan muhawara ba a kai ko'ina ba. Ƙasar da ke jiran damina mai guguwa kowace shekara ba za ta iya jiran wannan ba.

Canza ma'aunin cancanta bai buƙaci sauya kundin kowace majalisa ba. Kwamitin masu ba da agaji na OECD mambobinsa talatin da 'yan kai ne, kuma ya taɓa gyara dokarsa. Bayan guguwar Irma, da Birtaniya ta tarar ba za ta iya lissafa taimakon da ta kai wa Anguilla da Tsibiran Virgin da ke ƙarƙashinta a matsayin agajin raya ƙasa ba, sai ta matsa, kuma a 2018 kwamitin ya amince cewa ƙasar da aka cire daga jerin za ta iya komawa idan kuɗin shigarta ya faɗi ƙasa da iyaka. Gyaran ya zo cikin kusan shekara guda domin babbar ƙasa ce abin ya shafa. Amma ya zama ihu bayan hari, tun da sai ƙasa ta talauce, alƙaluma sun fito sun tabbatar, kafin a buɗe mata ƙofa. Wannan kwamiti, tare da majalisun gudanarwar Bankin Duniya da bankunan raya yankuna, suna iya yanke shawara a zamansu na gaba cewa ba za a cire wata ƙasa daga jerin masu cancanta ba sai an duba matsayinta a ma'aunin raunin da Babban Zauren ya amince da shi a 2024, kuma waɗanda aka riga aka cire, irin su Antigua da Barbuda da Seshels da Barbados, a sake duba nasu bisa wannan ma'auni.